Ranar da Aka Ce Na Yi wa Rana Sujada

Akwai maganar da na san kun ji a bakin mutane, ba ku taɓa jin ta a bakina ba. Ke Hawa, ban manta ranar da kika dawo daga makaranta kina kuka ba, don wata yarinya ta ce miki ubanki ya taɓa bautar rana. Uwarku ta share miki hawaye ta ce ƙarya ne, ni kuwa ina zaune a ƙofar ɗaki na yi gum. Shirun nan ya yi tsawo. Yanzu da hannuna ya fara rawa in na riƙe alƙalami, gara in faɗa muku yadda abin ya faru, da inda na yi daidai da inda na yi wauta.

A shekarun da ake ta hayaniyar neman mulkin kai, kafin Turawa su sauka daga mulki, ni ne ladanin ƙaramin masallacin layinmu a Aboabo, cikin Kumasi. Ina da shekara ashirin da bakwai, uwarku Azumi tana goyon yayanku Mamudu. Kakanku Alhaji Gado, mahaifina, wanda ya baro ƙasar Nijar tun yana saurayi, maigidan fataken shanu ne. Duk wanda ya koro garke daga arewa a gidanmu yake sauka, Alhaji ya ba shi ɗaki da tuwo, ya nemo masa mai saye, ranar tafiya ya raka shi har tasha. Ni dai shanu ba su taɓa shiga raina ba. Abin da nake so a duniya shi ne in hau matakalar masallaci in sa yatsa a kunne, in ji muryata ta ratsa kan kwanukan rufin unguwa. Mutane kuma sun fara cewa in na daɗa karatu, ni zan zama na'ibin Liman Tanko.

Masallacin yana da agogon bango da wani attajiri ya ba da sadaka, amma agogon nan ra'ayin kansa yake bi, yau ya yi sauri gobe ya yi nawa. Saboda haka da inuwa muke sanin lokaci. Mutum zai tsaya a fili, ya dubi inda inuwar kansa ta ƙare, ya auna da tafin ƙafarsa, dunduniya na taɓa yatsa. Tsawon kowane mutum taku bakwai ne na ƙafarsa. In inuwa ta gama raguwa ta fara ƙaruwa, Azahar ta shiga. In ta ƙara taku bakwai a kan abin da ya rage mata da tsakar rana, La'asar ta yi. Don kada a sha wahalar awo kullum, akwai haruffa goma sha biyu da Liman ya haddace mana daga wata tsohuwar takarda ta kakansa, kowane watan ajam, wato watan lissafin rana, da harafinsa, harafin yana gaya maka taku nawa ne inuwar tsakar rana a watan. Harafin watan ƙarshe, wanda muke kira Dujambar, yana nufin goma. Ni kuwa Allah ya yi ni da son tabbatarwa. Na auna a Dujambar, na samu taku huɗu da ɗan kaɗan. Na ce ƙafata ce babba. Na kafa sanda a bayan masallaci, na raba ta bakwai, ina zana alama a ƙasa da ƙusa. Huɗu dai. Abin ya tsaya mini a rai kamar ƙayar kifi.

Ina durƙushe gaban sandar nan wata rana sai na ji murya a kaina.

"Mai kira, me ka yar a ƙasa kullum kana nema?"

Baba Incha ne, tsohon maginin da ke zaune a ɗakin ƙarshe na gidanmu. Daga duwatsun arewacin Togo ya fito, cikin mutanen da Hausawa ke kira Somba, waɗanda ake cewa gidajensu na ƙasa kamar ƙananan ganuwa suke. Ba Musulmi ba ne, ba ya zuwa coci, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Shekararsa goma sha ɗaya a gidanmu. Shi ya gina katangar masallacin da hannunsa, amma tun da aka kafa ƙofa bai sake sa ƙafa ciki ba, ya ce gidan mutane ne, ba a gayyace shi ba. Hausarsa irin ta 'yan koyo ce, mace da namiji duk "shi" ne a wurinsa.

"Inuwa nake aunawa, Baba Incha," na ce.

Ya ɗan leƙa alamomin da na zana, ya kalli sama ya kanne ido ɗaya.

"Saura kwana tara ya daina tsawo. Rana ya kusa kai gida."

Ya saɓa magirbinsa ya wuce. Na yi dariya a raina, amma na ƙidaya kwanakin. Kwana tara na cika inuwar ta tsaya. Kwana uku ko huɗu ba gaba ba baya, sannan ta fara janyewa a hankali. Na rasa abin da ke mini daɗi. Mutumin da bai san alif ba, ba shi da takarda ba shi da sanda, ta ina ya sani?

Da yamma na same shi a ɗakinsa, na tambaye shi. Ya ja ni ciki ya tura ƙyaure. A bangon yamma, kusa da rufi, akwai wata 'yar kafa da ba ta wuce bakin ludayi ba. Rana tana gab da faɗuwa, sai wani siririn haske ya shigo ta nan ya sauka a bangon da ke fuskantarsa. A wannan bangon kuwa ga zane-zane na farar ƙasa a jere, kamar haƙoran matsefi. Ya nuna mini na can gefe da yatsa.

"Nan ne ƙarshen tafiyar shi. In ya zo nan, ya zauna, ya huta, ya ci abinci. Sai ya koma."

Daga ranar nan na zama baƙon ɗakin Baba Incha. Shekara guda cur ina zuwa duk bayan kwana biyu ko uku ina kallon ɗigon hasken nan yana tafiya a bango, zane bayan zane, ya kai wancan gefen a tsakiyar damina, ya juyo. Ni da na sha karanta ayoyin da ke maganar mafitar rana da mafaɗarta, sai a bangon arne na ga abin da idona. Kuma a nan na yi wautata ta farko. Na tafi wurin Liman Tanko, a gaban almajiransa manya, na ce masa goma ba ta yi daidai da garinmu ba, muna jinkirta La'asar ba dalili. Da na tsaya nan, da ƙila ya saurare ni, don mutum ne mai ilimi. Amma ɗoki ya ɗebe ni na ƙara da cewa ko Baba Incha ya san ranar juyawar rana fiye da takardar.

Liman ya cire tabarau ya ajiye a kan buzu.

"Wato takardar kakana ce ke ƙarya, Salifu, mai zuba wa ƙasa giya ke gaskiya?"

"Allah gafarta Malam, ba haka nake nufi ba."

"To me kake nufi?"

Na yi sallama na fita. Sai bayan shekaru na gane takardar ba ƙarya take ba. An rubuta ta ne don wata ƙasa can bayan hamada, inda inuwa ke tsawo da sanyi, aka kwafo ta hannu zuwa hannu har ta iso mu. Da na san haka a lokacin, da na ceci girman Liman na ceci kaina.

Da Dujambar ta sake zagayowa, Baba Incha ya gaya mini cewa 'yan garinsu da ke aikin gini da leburanci a Kumasi suna taruwa a wata gona bayan Buokrom ranar da hasken ya kai zanen ƙarshe. Bai gayyace ni ba. Ku riƙe wannan da kyau, ni na roƙe shi. Har sau uku yana ƙi.

"Mutanenka ba zai so ba," in ji shi.

"Kallo kawai zan yi."

Da na gaya wa uwarku, tana tuƙa tuwo, ba ta ko ɗago kai ba.

"Malam, wanda ya leƙa rijiya don ya ga zurfinta, hularsa ce ke fara faɗawa."

"Ba zan ci nasu ba, ba zan sha nasu ba."

"Na sani. Amma wa zai tsaya ya tambaye ka abin da ka ci?"

Na roƙi wani abokina ya kira La'asar da Magariba a madadina, na yi La'asar ɗina, muka kama hanya a ƙafa. Buokrom a lokacin ba gidaje ne jere kamar yanzu ba, gonakin rogo ne da ayaba. Muka bi wata siririyar hanya har muka ɓulla wani fili da aka share tsaf. Mutum kamar talatin na tarar, maza da mata kaɗan da yara. A tsakiyar filin sun gina wani ɗan ɗaki na ƙasa wanda bai kai ƙirjina ba, kwatankwacin gidajensu na can, ƙofarsa tana duban yamma, an shafe shi da makuba yana ƙyalli. A cikinsa da bakin ƙofarsa akwai ƙananan tudun ƙasa masu kan tulu, kowanne da mai shi. Baba Incha ya ce kowa ya cuɗa ƙasar tudunsa da ɗan dunƙulen da ya taho da shi daga garinsu a ƙulle cikin tsumma. Mazan duk sun tuɓe rigunan aiki sun rataye a reshe. Na gane fuskoki da yawa, masu haƙa kwata, masu dakon katako a Anloga, mutanen da nake wucewa kullum ban taɓa sanin suna da suna ba. A nan kuwa kowa tsaye yake kamar mai gari.

Mata suna dama kunun acca, sabuwar acca da wani ya ɗauko musu tun daga gida, wadda ba wanda ya isa ya ɗanɗana kafin wannan rana. Ga tukwanen giyar fito a jere an rufe da ganye, ga farar kaza a ɗaure. Ni kuwa an shimfiɗa mini tabarma a gindin wani mangwaro, nesa kaɗan, aka kawo mini gasasshiyar doya da gyaɗa da ruwa a sabuwar ƙwarya wadda giya ba ta taɓa ba. Baba Incha ya shirya duk wannan tun kafin mu zo.

Da rana ta yi ja ta sauko kan bishiyoyi, wani dattijo ya busa ƙaho sau ɗaya. Kowa ya yi tsit, har jarirai aka sa wa nono a baki. Suka juya yamma gaba ɗaya. Hasken ya taho ta ƙasa, ya shiga 'yar ƙofar nan, ya rarrafa har ya hau tudun da ke can ciki. Sai dattijon ya durƙusa, ya ɗebi kunu da ludayi ya zuba a kan tudun, ya kira wani suna. Jama'a suka amsa da wani gunji a maƙogwaro, baki a rufe. Ya koma gefe, wani ya matso ya zuba a nasa tudun ya kira nasa sunayen. Haka ɗaya bayan ɗaya, da sauri, don a gama kafin hasken ya ɗauke. Da aka zo kan Baba Incha ya kira suna biyu. A na biyun muryarsa ta karye, ya daɗe a durƙushe, tafinsa a kan ƙasar. Shekara goma sha biyu muna gida ɗaya ban san ya taɓa aure ba, balle in san ya binne mata da ɗa kafin ya baro duwatsunsu.

Bayan an yanka kazar, aka fara busa da kaɗa ƙwarya, ya zo ya zauna kusa da ni yana goge fuska. Ya ce a wurinsu rana tana da gida a yamma, matattu kuma can suke zaune a garinta. Yau ta iso gida daga doguwar tafiya, don haka ake ba ta abinci a ba ta saƙo, a roƙe ta ta juyo ta kawo ruwan sama.

"In ba ku roƙe ta ba fa, Baba Incha? Ba za ta juyo ba?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko wuta na ƙuna.

"Ba mu taɓa gwadawa ba. Kai in kai ne, za ka gwada?"

Na yi dariya, shi ma ya yi. Ban yarda rana tana ji ba, kuma har gobe ban yarda ba. Wanda ya halicce ta shi ke juya ta. Amma na ga mutanen da ke nesa da gida suna kiran waɗanda suka rasa, kuma wannan ban ga baƙon abu a cikinsa ba.

Na jira har ƙwallon ranar ya nutse sarai, don a wannan yammacin ne na fahimci dalilin da ya sa aka hana mu salla daidai lokacin faɗuwarta. Sannan na yi alwala da ruwan ƙwaryar nan, na juya gabas, na ba su baya, na ta da Magariba. Baba Incha ya sa aka sassauta kiɗa, ya tsaya da kansa yana korar yara kada su gitta gabana. Ina cikin sujada wani mutumin layinmu, mai sayar da itace, ya biyo ta hanyar gonar da kayansa a ka. Ba zan faɗi sunansa ba, jikokinsa maƙwabtanku ne. Kuma bai yi ƙarya ba. Ya ga ladanin masallacinsu goshi a ƙasa, ga ɗakin tsafi, ga jinin kaza, ga tukwanen giya. Abin da ya gani ya faɗa. Gabas da yamma ne kawai bai tsaya ya duba ba.

Kafin Juma'a maganar ta gama Aboabo. Aka kira ni zauren Liman, dattawan layi shida suna zaune, Alhaji yana gefe kansa a sunkuye. Na faɗi komai yadda ya faru. Liman ya saurara har ƙarshe, kuma na ga a idonsa ya yarda da ni. Amma ya ce jama'a ba za su tashi salla da muryar da aka ji labarinta a wurin tsafi ba, sai in an ba su dalili. Sai ɗaya daga dattawan ya kawo dalilin.

"Yaro, abin mai sauƙi ne. Shekara guda kana shiga ɗakin mutumin nan. Ka ce ya ba ka wani abu ka sha, hankalinka ya juya. A yi maka rubutu, a kore shi daga unguwa, ka koma kan matakalarka."

Wallahi na so matakalar nan. Na ji zuciyata tana cewa tsoho ne, ba shi da kowa a nan, ko'ina ya je zai samu ginin yi.  Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne sabuwar ƙwaryar nan.

"Allah gafarta Malam, ruwa ya ba ni, kuma da shi na yi alwala. Ni na roƙe shi ya kai ni. In da laifi, nawa ne."

Aka ba abokina ladanci a ranar. Ban sake kiran salla a Aboabo ba. Na koma sahun baya, na koyi sanin shanu da ƙyar ina ɗan shekara kusan talatin, har ya zama sana'ar da na ciyar da ku da ita. Duk asuba in na ji wani ya ɗaga murya, sai maƙogwarona ya motsa da kansa. Wannan bai bar ni ba har yau.

Abin da ya fi ciwo shi ne gaskiyar da na faɗa ba ta ceci Baba Incha ba. Aka daina kiransa aiki a unguwa. Yara suka fara jifar ƙyaurensa. Wasu fatake biyu suka sauka a wani gida, suka aiko cewa ba za su kwana inda ake tsafi ba. Alhaji kuwa tun daga zauren Liman bai ce mini uffan ba, in na gaishe shi sai ya ɗaga hannu. Bai kuma ce wa tsohon ya tashi ba. Baba Incha ne da kansa, bayan mako biyar, ya ɗaure kayansa wata safiya, akwatin katako guda da tabarma da magirbi, ya ce zai koma gida, dama ƙafarsa ta fara gajiya da hawa bango. Na ba shi haƙuri, na ce son sanina ne ya ja masa.

"Kai ka tambaya, ni na nuna," ya ce. "Mutum biyu ya ɗauki wannan kaya."

Na sunkuya zan ɗauki akwatin, sai na ji an dafa kafaɗata. Alhaji ne, cikin babbar rigarsa ta zuwa kasuwa. Ya ture ni gefe, ya naɗe hannayen rigar, ya cire hula ya miƙa wa uwarku, ya ɗora akwatin a kansa. Mutumin da ya je Makka, wanda ko buta ba a bari ya ɗauka.

"Baba, bari in ɗauka," na ce.

"Baƙona ne. Ba a taɓa sauka gidana aka tafi ba rakiya ba."

Bai bi ta lungu ba. Ta babban layi ya bi, ta gaban masu koko da ƙosai, ta gaban teloli, ta ƙofar masallaci inda dattawa ke zaune a benci. Baba Incha yana gefensa da tabarma, ni ina biye da magirbi. Duk wanda muka wuce sai Alhaji ya yi masa sallama da ƙarfi, ya tsaya har sai an amsa. A tasha ya ɗora akwatin a lori da hannunsa, ya sa wa tsohon ƙullin goro a aljihu, suka riƙe hannun juna. Muka tsaya har motar ta sha kwana. Ban sake jin labarin Baba Incha ba.

A hanyar dawowa Alhaji yana gaba ina baya, wuyansa ya ɗan karkace don nauyin da bai saba ba. Mun kusa gida ya tsaya, bai juyo ba.

"Da ka ce ya ba ka wani abu ka sha, da kai zan raka tasha yau."

Ya ci gaba da tafiya. Na bi shi.